Digiri Nawa, a Wane Ma'auni?

(Kiɗan buɗe shiri)

 Iyayenmu mata da ke cikin gida, 'yan kasuwa, direbobin da ke kan hanya, malamai da ɗalibai, sannunku da zafi.

Zafin ne ma za mu tattauna a kai yau, amma ta fuskar lamba. Idan watan Afrilu ya kama, za ku ji hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, tana hasashen zafi zai kai digiri 42 a Sakkwato ko Maiduguri, wani lokaci har ya zarce. Duk wanda ya taɓa shimfiɗa tabarma a tsakar gida saboda ɗaki ya ƙi kwantuwa ya san ma'anar 42 ba sai an yi masa bayani ba. To, sai ɗan'uwanku da ke karatu a Amurka ya bugo waya ya ce yau a garinsu zafi ya kai 90, kuma ga shi a kan titi yana tafiyarsa lafiya lau. Gaskiya ya faɗa. 90 ɗin nan tasa digiri 32 ce a ma'auninmu, kenan Sakkwato ta fi garin nasa zafi da digiri goma.

Mu a Najeriya da Nijar, da kusan dukkan ƙasashen duniya, muna auna zafi da ma'aunin Selsiyos, wanda ake rubuta harafin C kusa da lambarsa. Amurka da wasu ƙananan ƙasashen tsibirai suna amfani da ma'aunin Faranhait, mai harafin F. Da abin ya tsaya a can tsallaken teku, da ban ɗauki lokacinku a kansa ba. Amma kayan awon suna shigo mana daga ko'ina: ma'aunin zazzaɓi da ake saye a kemis, injin ƙyanƙyasar ƙwai, firjin gwanjo, obin na masu yin kek, har da bayanin da ke jikin kwalin magani. Wasu da C suke zuwa, wasu da F, wasu kuma da duka biyun, ɗan maɓalli ne kawai ke sauya su. Saboda haka kafin ku karanta lambar da ke kan kowace na'ura, ku fara neman harafin da ke gefenta.

Bari mu ɗan koma baya mu ga yadda aka yi aka samu ma'auni biyu. Kafin a ƙera ma'aunin zafi, hannu ne alƙali, hannu kuwa yana ruɗin mutum. Ruwan rijiya da asubar hunturu ɗumi za ku ji shi, da tsakar ranar bazara kuma ku ji shi da sanyi, alhali ruwan bai canza wani abin kirki ba, fatarku ce ta canza. Masana sun lura cewa abu mai ruwa-ruwa yakan kumbura idan ya ji zafi. Idan aka zuba shi a cikin siririn bututun gilas, zai hau sama da zafi, ya sauko da sanyi. Sauran aiki shi ne a zana layuka a jikin gilas ɗin a sa musu lambobi. A nan aka rabu, domin kowane maƙeri da inda yake ajiye sifilinsa.

Daniyel Faranhait an haife shi a 1686 a birnin Danzig, wanda yau yake cikin ƙasar Folan, amma a Holan ya yi yawancin aikinsa. Gwanin aikin gilas ne, kuma ya shahara da ƙera ma'aunin da ke aiki da zaiba, ƙarfen nan mai ruwa-ruwa da ke sheƙi kamar azurfa. A 1724 ya bayyana tsarinsa. Ya haɗa ƙanƙara da ruwa da wani irin gishiri, ya samu sanyi mai tsanani, ya ce nan ne sifili. A kan wannan tsari ruwa zalla yana daskarewa a 32, yana tafasa a 212. Ingila ta rungumi ma'aunin, ta kai shi ƙasashen da ta mulka, har da Amurka da Najeriya. Ita Ingilan ta fara barinsa a shekarun 1960, mu ma muka bari, Amurka ta riƙe kayanta har yau.

Shi kuwa Andas Selsiyos masanin taurari ne a jami'ar Ufsala ta ƙasar Suwidin. A 1742 ya ɗauki wurare biyu da kowa zai iya gwadawa a gidansa, inda ruwa ke daskarewa da inda yake tafasa, ya raba tsakaninsu gida 100. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne a juye ya tsara nasa: tafasa ce sifili, daskarewa 100. Bayan rasuwarsa a 1744 aka juyo shi yadda muka san shi yau, sannan a 1948 taron ƙasashen duniya kan ma'aunai ya tabbatar da sunansa a kan ma'aunin. Ni a ganina tsarin Selsiyos ya fi dacewa da hankali, domin ya rataya ne a kan ruwa, abin da kowane gida yake da shi.

Wanda ya saba cin kasuwar kan iyaka, Jibiya ko Illela ko Maigatari, idan aka ce masa dubu goma ba ya zaro kuɗi sai ya tambaya, naira ko sefa? Haka lambar zafi take, sai an san ma'auninta. Sai dai akwai inda lamarin ya bambanta. Wanda ba shi da ko sisi a naira, ba shi da ko sisi a sefa, sifilinsu ɗaya ne. A awon zafi kuwa sifilin Selsiyos yana daidai da 32 ne a Faranhait. Kuma farashin canji yana hawa yana sauka, amma lissafin zafi ba ya motsi, wanda kuka koya yau shi jikokinku za su tarar.

Bambanci biyu ne kenan. Na farko wurin farawa, tazarar 32. Na biyu girman taku. Daga daskarewa zuwa tafasa, Selsiyos taku 100 yake yi, Faranhait kuma daga 32 zuwa 212, taku 180. Tafiya ɗaya ce, amma takun Faranhait ya fi gajarta. Duk taku 5 na Selsiyos, taku 9 ne na Faranhait. Lambobi uku ke nan za ku riƙe: 5, da 9, da 32.

Mai biro da takarda ya ɗauko, za mu yi a hankali. Idan kuna da Selsiyos kuna neman Faranhait, ku ninka lambar sau 9, ku raba gida 5, sannan ku ƙara 32. Mu gwada da digiri 40. 40 sau 9, 360. A raba gida 5, 72. A ƙara 32, 104. Digiri 40 na Selsiyos shi ne 104 na Faranhait.

Akwai hanyar da ta fi sauƙi ga mai lissafi da ka, kuma amsarta daidai take ba ragi. Ku ninka lambar biyu, ku cire kashi ɗaya cikin goma na abin da kuka samu, ku ƙara 32. 40 ninki biyu, 80. Kashi ɗaya cikin goma na 80 shi ne 8, a cire, saura 72. A ƙara 32, mun sake dawowa 104. Ku gwada ta da zafin jikin mutum, 37. Ninki biyu 74, a cire 7.4, saura 66.6, a ƙara 32, ya zama 98.6.

Idan kuma Faranhait kuke da shi kuna neman Selsiyos, sai ku biyo hanyar ta baya. Ku fara cire 32, sannan ku ninka sau 5, ku raba gida 9. A nan ɗalibai suka fi faɗawa rami a jarrabawa, sai su yi ninki da rabawa tukuna su bar cirewar a ƙarshe. Wanda ya yi wa 104 haka zai samu kusan 26 maimakon 40. Cirewa ce farko.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Jama'a, har yanzu kuna tare da shirinku na faɗakarwa, muna magana ne a kan ma'aunan zafi. Yanzu zan kawo wata gajeriyar hanya da ta yaɗu, kuma ina roƙon ku saurari gargaɗin da zai biyo bayanta fiye da ita kanta hanyar. Ana cewa daga Faranhait a cire 30 a raba biyu, daga Selsiyos kuma a ninka biyu a ƙara 30. Don jin labarin yanayi ta wadatar. An ce 90 a wani gari na Amurka, kun cire 30 kun raba biyu kun samu 30, alhali ainihin amsar 32 ce, ba wanda ya cutu. A digiri 10 na Selsiyos, wato 50 na Faranhait, daidai take fitowa cif. Amma duk yadda aka yi nisa da wannan wuri, haka kuskurenta ke girma.

Ga inda abin yake damuna. Uwa ta auna ɗanta da dare, na'ura ta nuna 104 da harafin F. Ta tuna gajeriyar hanya, ta cire 30 saura 74, ta raba biyu ta samu 37. Sai ta ce alhamdu lillahi, lafiyarsa ƙalau, ta koma barci. Alhali ɗazu muka lissafa tare, 104 digiri 40 ce, zazzaɓi mai zafi wanda ba a kwana da shi a gida ana jiran gari ya waye idan yaron ya galabaita. Digiri uku kacal hanyar ta ɓatar, amma a jikin ɗan'adam digiri uku ita ce tazarar da ke tsakanin lafiya da gadon asibiti. Don Allah kada a yi wa jikin mutum lissafin kusan-kusan.

Don haka lambobin jiki gara a haddace su, ko a rubuta a manna a bangon ɗaki. 37 ita ce 98.6, zafin jiki na lafiya. Wannan lamba ta samo asali ne daga wani likitan Jamus, Kal Wundalik, wanda ya daɗe yana auna marasa lafiya a birnin Laifzig, ya wallafa sakamakonsa a 1868. Matsakaici ne ba ƙa'ida ba, mai lafiya yakan yi ƙasa da ita kaɗan da safe, ya yi sama kaɗan da yamma. 38 ita ce 100.4, daga nan zazzaɓi ya tabbata. 39 ita ce 102.2. 40 ita ce 104. A taƙaice, idan na'urar F ce kuma ta haura 100, jikin ya yi zafi.

Wurin da aka auna ma yana da tasiri. Hammata takan nuna ƙasa da ainihin zafin cikin jiki da kamar rabin digiri, shi ya sa ma'aikatan lafiya suke ɗaukar 37.5 a hammatar yaro a matsayin zazzaɓi. Jaririn da bai kai wata uku ba, idan ya kai 38, asibiti za a nufa da shi kai tsaye, ba a tsaya gwada magani a gida. Haka duk yaron da ya fara jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yake amayar da duk abin da ya ci, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, kada a tsaya duba lamba. Sanyi ma haɗari ne, musamman a hunturu. Jariri sabon haihuwa da ya sauka ƙasa da 36.5 ya fara yin sanyi, uwa ta manna shi a ƙirjinta fata da fata a lulluɓe su tare. Idan ya sauka ƙasa da 35.5, wato kusan 96 a Faranhait, shi ma na asibiti ne. Kuma ma'auni zafi kawai yake faɗa, ba ya faɗin dalili. Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba, a je a yi gwajin jini.

Wata shawara kuma: na'urorin nan da ake haskawa a goshi, waɗanda suka cika ƙofofin bankuna da makarantu lokacin Ebola a 2014 da lokacin korona a 2020, galibinsu suna da hanyar sauyawa tsakanin C da F. Ku sa mai kemis ya saita muku a kan C tun a shago. Mai tsohon ma'aunin gilas kuma, idan ya fashe, kada a bar yara su yi wasa da 'yan ƙwallayen zaibar da suka zube, guba ce.

Masu kiwon kaji, ga naku. Ƙwan kaza a injin ƙyanƙyasa yana son kimanin 37.5 a Selsiyos, wato 99.5 a Faranhait, har kwana 21. Wanda ya bi gajeriyar hanya zai ninka 37.5 biyu ya ƙara 30 ya samu 105, ya saita injinsa a nan. 105 kuwa ta haura digiri 40 da rabi, kuma 'yan tsakin da ke cikin ƙwai ba sa jure wannan na tsawon lokaci. Jarin mutum sai ya tafi a kan lissafin minti ɗaya.

Haka batun firji. Yawancin alluran rigakafi, da insulin ɗin masu ciwon sukari, ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 da 8 na Selsiyos, kimanin 36 zuwa 46 a Faranhait. Idan wani ya ga lamba 5 ya ce ai tana tsakanin 2 da 8, bai lura harafin F ne a gefe ba, to yana kallon digiri 15 ƙasa da sifili ne. Insulin da ya daskare ya lalace, haka wasu alluran rigakafi irin na tetanus da na ciwon hanta, ko da sun narke daga baya sun yi kyau a ido. Masu yin kek da ke koyo daga bidiyon Amurkawa kuwa, idan kun ji 350, a obin ɗinmu 180 za ku sa, ainihinta 177 ce amma babu laifi. Kuma ga wata 'yar dabara ta haddacewa: 16 a Selsiyos kusan 61 ce a Faranhait, 28 kuma kusan 82, lambobin juyawa kawai suka yi.

Akwai wani kuskure da har masu ilimi suke yi, kuma ya cancanci mu tsaya a kansa. Faɗin yawan zafi daban, faɗin yawan ƙaruwarsa daban. A yarjejeniyar birnin Faris ta 2015, ƙasashen duniya sun amince su yi ƙoƙarin kada ɗumamar duniya ta wuce digiri 1.5 na Selsiyos a kan yadda take kafin zamanin masana'antu. Wanda ya saka 1.5 a lissafinmu na ɗazu zai samu 34.7, ya ce duniya za ta ƙara zafi da kusan digiri 35 na Faranhait. Ba haka ba ne. Ita 32 gyaran wurin farawa take yi, idan kuwa tazara ake aunawa babu ruwanmu da wurin farawa. Sai a ninka sau 9 a raba gida 5 a tsaya. Ƙarin 1.5 a Selsiyos ƙarin 2.7 ne a Faranhait. Kada kuma ƙanƙantar lambar ta sa a raina ta, matsakaicin duniya ne gaba ɗaya, kuma mu da muke zaune a gefen Sahara muna cikin masu ɗanɗana kuɗarta. A aikin Hajjin 2024 an auna digiri 51.8 a Makka, wato 125 a Faranhait, kuma hukumomin Saudiyya sun ce alhazai fiye da 1,300 ne suka rasu, da yawansu saboda zafi. Allah Ya jiƙansu da rahama.

Saura ma'auni na uku, wanda ɗaliban kimiyya suke haɗuwa da shi, wato Kelbin. Mu fara da tambaya: ranar da ake 40, ta ninka ranar da ake 20 zafi? A ido haka ne. Amma ku mayar da su Faranhait, 104 da 68, ninkin ya ɓace. Dalili shi ne sifilin Selsiyos da na Faranhait duka mutane ne suka zaɓe su, akwai sauran zafi a ƙarƙashinsu. Zafi motsi ne na 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin da suka haɗa kowane abu, ƙanƙara ma ƙwayoyinta suna motsi. A 1848 Wiliyam Tomson, malami a jami'ar Gilasgo wanda daga baya aka ba shi sarautar Lod Kelbin, ya kawo ma'aunin da ke farawa daga ƙarshen sanyi, inda babu sauran zafin da za a iya cirewa daga abu. Wannan wuri yana digiri 273.15 ƙasa da sifilin Selsiyos. Takun Kelbin da na Selsiyos girmansu ɗaya, don haka lissafin ba wuya, ku ƙara 273 kawai. Ruwa yana daskarewa a 273, yana tafasa a 373, jikinmu yana 310. Ranar 20 da ranar 40 sun zama 293 da 313, ƙarin bai wuce kashi 7 cikin 100 ba. Ba a cewa digiri a wannan ma'auni, harafin K kaɗai ake rubutawa. Kuna ma ganinsa a kasuwa: ƙwan lantarki da aka rubuta wa 6500K farin haske yake bayarwa, mai 2700K kuma haske mai ruwan ɗorawa. Launin hasken ake nufi, ƙwan bai kai wannan zafi ba.

Selsiyos da Faranhait suna haɗuwa a wuri ɗaya tak, digiri 40 ƙasa da sifili, can ne lambobinsu suke zama ɗaya. Ita kuma tafasar ruwa a 100, a bakin teku ne take haka. Idan aka hau tudu iskar da ke danne ruwan takan yi sauƙi, sai ya tafasa da wuri. A Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, shi ya sa wake yake ɗan ƙara daɗewa a kan wuta a can.

Kafin mu rabu ga aikin gida, musamman ga masu shagon magani da iyayen da ke ajiye magani a ɗaki. An rubuta a jikin wani kwali cewa kada a ajiye shi a wurin da ya wuce 86 a ma'aunin F. Ɗakin kuma rufin kwano ne, da rana yana kai 35 a ma'aunin C. Shin maganin zai iya zama a wannan ɗaki? Ku lissafa, ku fara da cire 32, mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu za mu buɗe shiri da amsar.  

(Kiɗan rufe shiri)